Sunan Wa Ke Ƙirjin Rigar Yaranmu?

 

Cikin batutuwan da ke jiran zamanmu na gaba akwai maganar rigunan ƙwallon da yaran unguwa za su sa a gasar bana. Wasu daga cikin iyayenmu suna ganin bai kamata ƙungiya ta ɓata lokaci a kan jesi ba, ga matsalar ruwa, ga magudanai, ga kuɗin jarrabawar marayu. Ban ga laifinsu ba. Sai dai tunda littafin ƙungiya a hannuna yake, kuma wasiƙun neman taimako ta wurina suke bi, na ga ya dace in faɗi abin da na fahimta tun yanzu, don kowa ya zo da shirinsa. Ra'ayina ne ni kaɗai, kada a ɗora wa shugabanni.

Maganata a taƙaice ita ce, riga ita kaɗai ce kadarar da kulob ɗin unguwa ya mallaka wadda wani zai iya sha'awar saye. Filin da suke wasa na makaranta ne ko na gwamnati. Ba ƙofar karɓar kuɗin shiga, ba gidan talabijin da zai biya su. Abin da suke da shi taƙi ɗaya ne na yadi a ƙirjin yaro, da wani taƙin a bayansa. Shi ɗin ma kyauta muke bayarwa, kuma sau da yawa ga wanda ba zai sake waiwayarmu ba sai bayan shekara huɗu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili da la'asar ya san yadda abin yake. Ranar atisaye yara ashirin da biyu, riguna kala goma. Wannan Chelsea, wancan Barcelona, ga na Real Madrid da sunan kamfanin jiragen Emirates ɓaro-ɓaro a ƙirji, alhali ko filin jirgin Maiduguri bai taɓa takawa ba. Da kuɗinsa ya saya, yana kuma yi wa attajiran Dubai talla daga nan har bakin tasha. Wannan bai dame ni sosai ba, son ƙwallo ne, kuma ni ma ina da kulob ɗin da nake rasa barci saboda shi. Abin da ya dame ni shi ne rigar ranar wasa, wadda ya kamata a gani daga nesa a ce ga 'yan Hausari nan.

Ta hanya uku rigar nan take zuwa. Ko koci ya tsinto seti a gwanjo, mai ɗauke da sunan wata makaranta ko wani shagon Turai da ba wanda ya iya karantawa. Ko yara su yi karo-karo a aika Kano a sayo mai araha, wadda wanki uku ke gamawa da ita. Ko kuma a rubuta wasiƙa a kai wa mai neman kujera. Na lura a takardunmu cewa wannan hanya ta uku tana da lokacinta kamar damina. A 2015, da 2019, da 2023, riguna sun yi ta sauka har wasu kulob suka sami seti biyu. A shekarun da ke tsakani kuwa, wasiƙar ko amsa ba ta samu. Sakamakon shi ne akwai kulob a unguwar nan da na san shi fiye da shekara goma sha biyar, amma idan aka tambaye ni launinsa ba ni da amsa. Duk launin da mai bayarwa ya zaɓa shi ne nasu na wannan shekarar.

Don mu gane darajar abin da muke zubarwa, bari mu leƙa inda suka mayar da riga sana'a. Misalin da ya fi kama da namu na same shi ne a wani wasa da ba mu cika kallo a nan ba, wato zari-ruga. Iri biyu ne, akwai na mutum 15 a kowane ɓangare, akwai na mutum 13. Na 13 ɗin ya samo asali ne a 1895 a garin Huddersfield da ke arewacin Ingila, lokacin da kulob-kulob na ma'aikatan masaƙu da mahaƙan kwal suka ɓalle, saboda an hana a biya 'yan wasansu kuɗin ranar aikin da suke rasawa idan sun je wasa. Ke nan tun asali wasan masu neman na tuwo ne, kuma na unguwanni. Yau ya fi ƙarfi a Ostareliya da arewacin Ingila da Papua New Guinea. Nijeriya ma tana bugawa, har ta ci kofin yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya da aka yi a Legas a 2019.

A birnin Sydney akwai wani kulob na wannan wasa mai suna South Sydney, wanda aka kafa a 1908 a unguwannin talakawa. Rigarsu ratsin ja da kore ce tun farko har yau, tambarinsu kuma zomo. Ana cewa laƙabin ya fito ne daga masu yawo da zomaye suna talla a titunan unguwar, sana'ar da ba wanda zai kira ta alfarma. Ba su ji kunyarta ba, suka ɗora ta a ƙirji. A ƙarshen 1999 masu gudanar da gasar ƙasar suka cire kulob ɗin don rage yawan ƙungiyoyi. A watan Nuwamba na 2000 mutane kusan dubu 80 suka cika titunan Sydney sanye da ja da kore, da yawansu ma magoya bayan wasu kulob ne da abin ya taɓa zuciyarsu. Aka je kotu, aka dawo da su gasar a 2002, suka kuma ci kofi a 2014. Shekara biyu ba su buga wasan gasar ko ɗaya ba, amma kulob ɗin bai mutu ba, domin launin yana jikin mutane. Mu tambayi kanmu, idan kulob ɗin unguwarmu ya daina wasa shekara biyu, da me za a tuna shi?

Ko a ƙwallon ƙafa an gwada taɓa launi an ga abin da ya biyo baya. A 2012 mai kulob ɗin Cardiff City ya sauya rigarsu daga shuɗi zuwa ja, ya kuma zuba kuɗi masu yawa. Magoya baya ba su daina ƙorafi ba har sai da aka mayar musu da shuɗinsu a watan Janairun 2015.

Bayan riga ta dindindin, 'yan zari-rugar Ostareliya sun ƙware a wani abu kuma, wato riga ta musamman da ake ɗinkawa don mako ɗaya. A kowace shekara suna ware makon girmama 'yan asalin ƙasar, baƙaƙen da Turawa suka tarar a can. Kowane kulob sai ya nemo mai zane daga cikin waɗannan ƙabilu ya tsara masa riga da irin zanensu na gargajiya, mai ba da labarin koginsu ko danginsu ko hanyar da kakanninsu suka bi. Ana sayar da ita ga 'yan kallo, wadda 'yan wasa suka sa kuma sau da yawa a yi gwanjonta a ba da kuɗin ga ayyukan taimako. Wannan ta zauna, ana jiranta duk shekara, don mutane suna ganin kansu a ciki. Sun kuma gwada wata iri a 2014, inda wasu kulob suka fito da rigunan jaruman finafinan Marvel, kamar Canberra Raiders da suka yi shigar Hulk saboda dama kore suke sawa. Yara sun so ta, an saya, an yi ciniki. Amma ba wanda zai fito titi saboda rigar Hulk.

Akwai kuma wadda ta zama fitina. A watan Yulin 2022 shugabannin kulob ɗin Manly suka fito da riga mai ratsin launukan bakan gizo, alamar goyon bayan masu neman jinsi ɗaya, ba tare da sun shawarci waɗanda za su sa ta ba. 'Yan wasa bakwai suka ce addininsu da al'adarsu ba su ba su damar sawa ba, suka ƙaurace wa wasan. Kocinsu Des Hasler ya fito ya ba da haƙuri kan rashin tuntuɓar da aka yi. An ci su a wasan, ba su sake cin wasa ba har kakar ta ƙare, shi kuma kocin ya rasa aikinsa kafin ƙarshen shekara. Darasin da na ɗauka a nan bai tsaya ga abin da aka zana ba. Duk abin da za a rubuta a jikin mutum, a tambaye shi tukuna. Yaro ɗan shekara 17 da ke buga mana lamba tara shi ma mutum ne, yana da uba, yana da gidan da zai koma da rigar.

Mu dawo gida. Kowa ya tuna rigar Super Eagles ta gasar cin kofin duniya ta 2018, mai zanen kore da fari da baƙi kamar gashin mikiya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta ce mutum miliyan uku suka nemi saye tun kafin ta fito. Ranar 1 ga Yuni da aka fara sayarwa, layi ya miƙe a gaban shagon Nike a Landan, ta kuma ƙare a ranar. Kwaikwayonta ya riga na ainihin isowa kasuwanninmu. A zagayen farko aka fitar da mu, abin da ya rage mana shi ne ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Iceland da kuma rigar. Har yau ana sa ta. Haka ruwan ɗorawar Kano Pillars. Direbanmu na tirela ya sa ta a Legas ko Fatakwal, sai ya ji an ɗaga murya daga nesa an ce masa sai masu gida, ko da shi mutumin Potiskum ne. Kofunan gasar ƙasa da suka ci a 2008 da 2012 da 2013 da 2014 sun taimaka, amma da a ce duk shekara launi suke sauyawa, da ba wanda zai gane su a tasha.

Wani zai ce ai waɗannan manya ne, mu wa zai biya kuɗi don sunansa ya hau rigar yaran Hausari? To mu bi rigar mu ga inda take zuwa. Ranar wasa ɗaruruwan mutane suna kewaye fili, har da masu leƙe ta kan katanga. Wasan minti 90 ne, amma rigar ba ta tsayawa nan. Ana ɗaukar hoto kafin a take leda, hoton ya hau Facebook da WhatsApp, ɗan unguwa da ke karatu a Maiduguri ko aiki a Abuja ya gani ya tura wa wasu. Idan seti ya tsufa aka raba wa yara, rigar ta shiga gari ke nan. Za ka gan ta a kara ranar Laraba a jikin mai kora shanu, ka gan ta a kasuwar hatsi a jikin ɗan dako, ka gan ta a cikin Keke Napep, ka gan ta a gidan kallon ƙwallo da daddare. Daga wa ta koma ƙani. Fostar da aka liƙa a bango ruwan farko ke wanke ta, sanarwar rediyo kuwa minti ɗaya ce ta wuce. Riga mai kyau tana iya shekara uku tana yawo da ƙafarta a garin da mutane ke shigowa daga Kano da Bauchi da Gombe da Maiduguri kowane mako. 'Yan siyasa sun riga mu gane wannan lissafin, shi ya sa suke ba da ita da fara'a. Mai gidan burodi da mai ruwan leda da mai shagon waya ne ba a taɓa zaunar da su an yi musu bayani ba.

Ba ina cewa duk ɗan siyasar da ya ba da riga mugun nufi gare shi ba. Akwai waɗanda a filin nan suka taso, kuma don Allah suke yi. Kocinmu ma suna da hujja mai ƙarfi. Wani daga cikinsu ya taɓa ce mini, Malam Sakatare, ku da kuke magana ba ku taɓa tsayawa da yara goma sha takwas ranar wasa ba riga ba. Wanda ya ba ni, shi na sani. Gaskiya ya faɗa. Mutanen nan ba albashi suke karɓa ba, daga aljihunsu suke sayen ƙwallo da ruwan sha, kuma su ne suke riƙe mana yara daga la'asar zuwa magariba, lokacin da ya fi kowane haɗari ga matashin da ba shi da abin yi. Duk wanda ya ga shekarun da aka yi ana dokar hana fita a garin nan, filaye suka zama kufai, ya san darajar ƙarar usur da yamma. Saboda haka ba na goyon bayan a hana su karɓa alhali ba a ba su madadi ba.

Amma a duba abin da rigar mai hoto take jawowa. Na ga shekarar da wani uba ya hana ɗansa buga wasan kusa da na ƙarshe, don ya ce ɗansa ba zai ɗauki fuskar mutumin da yake adawa da shi a ƙirji ya zagaya gari ba. Yaron shi ne mai tsaron gidansu, ya zauna a gefe yana hawaye. Na ga ranar da kulob biyu suka iso fili da riga iri ɗaya sak, launi ɗaya, hoto ɗaya, domin mutum ɗaya ne ya ba su, sai da ɓangare ɗaya suka juya tasu baibai kafin alƙalin wasa ya yarda a fara. Na ga wasan da ihun 'yan kallo ya tashi daga sunan unguwa ya koma taken jam'iyya, aka tashi da jifa. Bayan zaɓe kuma, idan mai hoton ya faɗi, yaran da kansu suke jin nauyin sa rigar, seti sabo ya koma tsumman goge babur. Idan ya ci, kulob ɗin ya zama nasa a idon jama'a, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar gangami za a aiko a ce yara su fito da rigunansu.

Akwai wata asarar da ba a cika lura da ita ba. Cikin yaran nan akwai masu ƙafa, waɗanda wata rana za su je gwaji Damaturu wurin Yobe Desert Stars, ko Maiduguri wurin El-Kanemi Warriors. Za a tambaye su daga wane kulob suka fito, su ciro waya su nuna hoto. Ya kamata abin da mai dubawa zai fara gani ya zama sunan kulob da garinsa. Dokar ƙwallon ƙafa ta duniya ma, doka ta 4 da ta shafi kayan 'yan wasa, ta hana sa rubutu ko hoton siyasa a jikin riga. Mu ne dai muke kawar da kai saboda gasar ta unguwa ce.

Idan mun ce a koma ga 'yan kasuwa, nan ma sai an tace. Kamfanonin caca sun fi kowa son ƙirjin 'yan ƙwallo, kuma cacar ta riga ta shigo wayoyin yaranmu. Muna da magabata a wannan. A 2006 Frédéric Kanouté, ɗan wasan Mali, ya rufe sunan wani kamfanin caca da ke rigar Sevilla saboda addininsa. A 2017 Sonny Bill Williams na New Zealand, Musulmi wanda ya yi suna a zari-ruga iri biyun, ya liƙe tambarin wani banki da ke wuyan rigarsa saboda riba, hukumar wasan ƙasarsa ta amince masa, aka maye gurbin da sunan wata ƙungiyar kula da lafiyar yara. Kulob-kulob na Firimiyar Ingila da kansu sun amince a 2023 cewa za su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Idan waɗanda suke karɓar miliyoyin fam sun ga illar abin, mu da za a ba seti ɗaya ba mu da uzuri.

To me za mu sa? A ganina launi biyu za mu zaɓa, mu rubuta su a littafin ƙungiya, su zama na Hausari ko wa ya biya kuɗin ɗinki. Sunan unguwa ya fi kowane rubutu girma. Tambari kuma kada mu kwaikwayi zakin Chelsea ko bindigar Arsenal, muna da namu. Garin da kasuwar shanunsa take cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma bai rasa abin zanawa ba: ƙahon bijimi, zangarniyar gero, dagin Arewa, ko aska takwas irin ta babbar riga a zagaye wuya. Idan mutanen Sydney sun ɗauki zomo fiye da shekara ɗari, mu ba za mu ji kunyar sa ba. A ba ɗaliban sakandare da masu zanen allon shago na unguwa dama su kawo zane, yaran da za su sa rigar su zaɓa da kansu. A kuma tuna cewa masu buga mana ƙwallo ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Fulani da Barebari, akwai Musulmi akwai Kirista. Rigar unguwa ce, kowa ya iya sa ta ya shiga gidansu ba tare da an tambaye shi ba'asi ba.

Sai batun inganci, don araha ba ta ado. Yadi mai kauri irin na roba azaba ne a zafin Afrilu da Mayu na garin nan. A nemi mara nauyi mai ƙananan huji da ke shan iska. Rubutu iri uku ne a wurin masu bugawa. Akwai na leda da ake mannawa da zafi, shi ya fi sauƙin kuɗi, shi ne kuma yake ɓarewa lamba 8 ta koma 3. Akwai na fenti da ake shatawa, yana jure wanki idan an yi shi da kyau. Akwai wanda ake rina zanen a cikin yadin kansa, ya fi tsada amma ba ya fita sai rigar ta yage. Duk abin da masu buga rubutu da telolinmu na Potiskum za su iya, a ba su, kuɗin ya tsaya a gari. Wanda ya fi ƙarfinsu ne kawai za a kai Kano. Seti kuma ya zauna a hannun mutum ɗaya mai amana, a ƙirga kafin wasa, a ƙirga bayan wasa.

Shi kuma mai ɗaukar nauyi, a yi takarda da shi ko da shafi ɗaya ce. A rubuta abin da zai bayar, da tsawon lokacin, da girman wurin da sunansa zai ci. Sunan shago ko sana'a za a sa, ban da hoton fuska, ban da alamar jam'iyya. Idan mutum ɗaya ba zai iya ba, a raba: wani ya ɗauki ƙirji, wani hannu, wani baya ƙasan lamba. Mai kemis da mai POS da mai sayar da kayan gyaran mota, kowa ya kawo daidai ƙarfinsa. Ɗan siyasar da yake son taimakawa ƙofa a buɗe take, ya ba da gudummawarsa ta hannun ƙungiya, mu yi masa godiya a bainar jama'a a wannan shafin da kuma ranar rufe gasa. Wanda don Allah yake yi ba zai fasa ba saboda an ce ba hoto.

Idan launin ya zauna, sai mu fara ɗinka ta 'yan kallo. 'Yan Hausari nawa ne a Abuja da Legas da Kaduna, da direbobin da suke kwana a hanya, waɗanda za su so rigar unguwarsu? A ce mutum ɗari ne suka saya, aka sami rarar naira dubu ɗaya a kowace, dubu ɗari ke nan, kuɗin ƙwallaye da ragar gola da akwatin magani ba tare da an rubuta wa kowa wasiƙa ba. Sannan sau ɗaya a shekara, lokacin wasan Sallah, mu yi tamu riga ta musamman. Barcelona ta shafe fiye da shekara ɗari ba sunan kowa a ƙirjinta, da ta tashi sawa a 2006 sai ta sa UNICEF, kuma a lokacin ita ce ma ta riƙa ba asusun kuɗi duk shekara. Mu ma muna iya ba da ƙirjin ranar Sallah ga abin da ya dame mu: kira a bar shaye-shaye, ko a sa yara mata makaranta, ko asusun marayun unguwa. Bayan wasa a yi gwanjon rigunan a gaban kowa, ma'aji ya karanta abin da aka samu, a kuma wallafa a nan. Ta haka maganar jesi da maganar kuɗin jarrabawar marayu, waɗanda iyayenmu suke ganin ba su haɗa hanya ba, za su zama magana ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kakar zaɓen 2027 za ta zo da buhunan riguna kamar yadda ta saba, kuma idan ta same mu ba mu da launi ba mu da ƙa'ida, koci zai karɓa, ba kuma wanda zai iya ce masa don me. Shi ya sa nake roƙon abu huɗu: a tsayar da launi da tambari, a rubuta ƙa'idar abin da zai hau riga da wanda ba zai hau ba, a naɗa mutum uku, ɗaya daga cikin kociyoyi, ɗaya daga 'yan kasuwa, ɗaya daga iyaye, su zagaya shagunan unguwa, a kuma buɗe shafi na daban a littafin ma'aji don kuɗin riga. Masu sana'a da ke karanta wannan, ku fara tunanin abin da za ku iya. Matasa kuma ku fara zane. Wanda yake ganin akwai inda ban hango ba, ya faɗa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ƙara wa garinmu da jiharmu zaman lafiya, Ya saka wa duk mai hidima da yaran nan da alheri. Amin.

Sakataren Ƙungiya
Hausari, Potiskum